Canon, Nikon ko Sony: wacce kyamara zan saya?

Tambayar da aka turo mini ke nan a taƙaice. Mai tambayar ya ce ya daɗe yana ɗaukar hoto da waya, yanzu ya tara ɗan abin da Allah ya hore masa, yana son kyamara ta sosai, irin wadda ake cire mata lensi a ɗaura wani. Hotunan iyali yake son ɗauka, da na tafiye-tafiye, da ɗan bidiyo, kuma yana da burin nan gaba ya fara karɓar aikin taruka. Ya tambayi mutum uku. Na farko ya ce Canon, na biyu ya ce Nikon, na uku ya ce ai an wuce wurin, Sony ake yayi. Shi ne ya ce in raba masa gardama.

Ɗan'uwa, a cikin mutanen nan uku babu wanda ya yi maka ƙarya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wanda ya shekara goma da Nikon a hannu, yatsunsa sun haddace inda kowane madanni yake, in ka miƙa masa Canon sai ya ji kamar ya sa takalmin wani. Hatta ɓangaren da ake murɗa lensi in za a ɗaura shi ba ɗaya ba ne, na Nikon da na Canon hannun riga suke. To mutum irin wannan in ka tambaye shi wacce ta fi, abin da hannunsa ya saba da shi zai gaya maka, kuma da zuciya ɗaya zai faɗa.

Abin da zan fara cire maka daga rai shi ne tsoron cewa za ka sayi wadda ba ta da kyau. Na daɗe a wannan sana'a, na riƙe kyamarorin kamfanoni daban-daban, nawa da na aro da na ɗalibai. A yau babu babban kamfanin da ke ƙera kyamarar da hotonta zai ba ka kunya. Ka ɗauki mutum ɗaya a haske ɗaya da kyamarori uku masu daraja ɗaya, ka wanke hotunan ka shimfiɗa su a tebur, ƙwararrun ma sai dai su yi canki-canka. Bambancin yana nan, amma ba a inda masu talla suke nuna maka yake ba.

Inda yake shi ne bakin kyamara, wato zoben ƙarfen nan na gaba inda ake ɗaura lensi. Kowane kamfani da irin nasa bakin, kuma lensin wannan ba ya shiga na wancan kai tsaye. Bodin kyamara kwamfuta ce da aka sa wa ido, bayan shekara huɗu ko biyar za a fito da wanda ya fi shi, darajarsa ta faɗi. Lensi kuwa, wato ruwan tabarau ɗin da haske ke ratsawa, in mai kyau ne yana iya yi maka shekara ashirin yana aiki. Ina da lensin da ya ga bodi huɗu sun zo sun wuce, har yau shi nake fara ɗaukowa in zan ɗauki fuska. Saboda haka ranar da ka sayi kyamararka ta farko, gida ka shiga. Za ka ƙara lensi na biyu, da na uku, da filasha, da batura, duk na gidan. Ranar da ka ce za ka tashi kuwa, sai ka karyar da kayan nan gaba ɗaya ka sake sabon lale. Wannan ne ya sa nake cewa ka fara duba jerin lensin kamfani kafin ka kalli bodin da suke tallatawa.

Ka ga yadda bakin nan ke daɗewa. Nikon ta fito da bakin F a 1959, ta yi kusan shekara sittin a kansa. Canon ta kawo EF a 1987. Duk waɗannan na kyamarori masu madubi ne, waɗanda ake kira SLR, na dijital ɗinsu kuma DSLR, masu ɗan madubi a ciki da ke tura hoto zuwa tagar leƙe, ya ɗaga sama duk lokacin da ka danna. Sai zamani ya juya. Panasonic ta fitar da G1 a 2008, marar madubi, Sony ta kawo bakin E a 2010, sannan a 2013 ta fitar da A7 mai babbar sensa, wato farantin da haske ke sauka a kai, ba tare da madubi ba. Canon da Nikon ba su shigo wannan fage da ƙarfinsu ba sai 2018, Canon da bakin RF, Nikon da bakin Z. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi: shekaru biyar ɗin nan da Sony ta ba su su ne asalin maganar abokinka na uku. A lokacin yana da gaskiya. Yanzu kuwa tazarar ta rufe, musamman wajen kama fokas, wato saita lensi hoto ya fito tar, inda a da Sony ta yi musu fintinkau.

Wannan tarihin yana da amfani gare ka ta fuska ɗaya. Tun 2020 Canon da Nikon ba su sake fitar da sabuwar kyamara mai madubi ba. Duk sabon lensi da sabuwar fasaha, ɓangaren marasa madubi suke tafiya. In sabuwa fil za ka saya, ka sayi marar madubi. Kuma ka yi hattara da bakin da aka daina yi wa kaya. Samsung ta taɓa yin kyamarori masu kyau na NX, ta fita daga kasuwar. Nikon ta rufe layinta na Nikon 1. Sony ta bar tsohon bakin A da ta gada daga Minolta. Canon ta daina layin EOS M, kuma lensinsa ba ya hawa bakin RF ko da adafta, wato zoben da ke haɗa lensin wani baki da wani bakin. Za ka ga irin waɗannan da araha, su ba ka sha'awa, kuma suna ɗaukar hoto lafiya lau. Sai dai gida ne da aka daina gini a cikinsa. Ga wanda ke son kyamara ɗaya da lensi ɗaya har ta mutu, babu laifi. Kai da kake maganar karɓar aiki nan gaba, ba naka ba ne.

Bari mu shiga gidajen ɗaya bayan ɗaya, amma ba zan ba su lokaci daidai ba, domin ba duka ne suka shafe ka daidai ba.

Sony ita ce na fi daɗewa a kai in ina ba mai farawa shawara, ba don hotonta ya fi ba, sai don ƙofarta a buɗe take. Tun da wuri ta bar wasu kamfanoni su ƙera lensi na bakin E. Sigma, Tamron, Samyang, Viltrox, duk suna yi, masu kama fokas da kansu. Abin da wannan ke nufi a aljihunka shi ne, kusan kowane irin lensi kake so za ka same shi hawa-hawa, daga na mai ƙaramin ƙarfi har na ƙwararru. Mai ɗaukar taro yana buƙatar lensi mai zuƙowa wanda ƙofar haskensa ke tsayawa a f/2.8 (in lambar ta yi ƙasa, ƙofar ta fi buɗewa, haske ya fi shiga), kuma irin wannan na kamfanin kyamara kansa yana da tsada ƙwarai a kowane gida. A bakin E, Tamron da Sigma suna da nasu da ke yin aikin da kuɗi ƙasa da haka sosai. Ga kuma tarin na hannu, tunda bakin ya haura shekara goma a kasuwa. Baki ɗaya ne kuma ga ƙananan kyamarorinsu irin su a6400 da a6700 da manyan irin su A7 III da A7 IV, don haka in ka girma ba ka sauya gida ba. Aibinta? Tsofaffin samfuranta jerin saitunansu kamar daji yake, sai ka yi ta yawo kana neman abu ɗaya. Sun gyara shi daga 2020, farawa da A7S III, amma in ta hannu za ka saya, da tsohon za ka yi zama. Waɗanda ke amfani da ƙaramin batir NP-FW50 ba sa riƙe caji, dole ka riƙa yawo da biyu ko uku, sai waɗanda suka zo da NP-FZ100 ne suka huta da wannan. Sannan mariƙinsu, musamman na da, ƙarami ne ga mai babban hannu. Zan dawo kan wannan.

Canon kuwa, abin da na fi yaba mata shi ne sauƙin sabo. Ka ba wanda bai taɓa riƙe kyamara ba, cikin yini guda zai gane kanta. Jerin saitunanta a tsare yake, allonta na taɓawa yana aiki kamar na waya, mariƙinta yana cika hannu. Tsarin fokas ɗinta na Dual Pixel, wanda ta fara sa wa 70D a 2013, yana bin fuska a bidiyo cikin natsuwa ba tare da kai-komo ba. Babbar dukiyarta kuma ita ce tsofaffin lensin EF, fiye da shekara talatin ana ƙera su, sun cika duniya, kuma da adaftar kamfanin suna aiki a kan sababbin kyamarorin RF ba tare da wata tawaya ba. Wasu ma sun fi kama fokas a sabon bodi fiye da yadda suke yi a tsohon. Inda take da tauri shi ne sabon bakin nata. Ta daɗe ba ta bar wasu su ƙera masa lensi mai fokas da kansa ba. A 2024 ta ba Sigma da Tamron izini, amma na kyamarori masu matsakaiciyar sensa ne, irin su R50 da R10 da R7, izinin bai haɗa da na babbar sensa ba. Ke nan in ka hau R8 ko R6, ko dai ka sayi na Canon, ko ka koma wa tsofaffin EF da adafta. Hanya ta biyun ba abin raini ba ce ko kaɗan, mutane da yawa da ita suke cin abinci, sai dai ka shiga da saninka.

Nikon ita ce wadda nake jin daɗin riƙewa, wannan ra'ayina ne, ba doka ba. Ginin bodinta da zaman madannanta na wanda ya san aikin hoto ne. Bakin Z yana da faɗin milimita 55, kuma tsakaninsa da sensa milimita 16 ne kawai, abin da ya ba masu ƙera lensi sarari, kuma hakan ya nuna: hatta lensinsu na f/1.8 masu matsakaicin kuɗi kaifinsu ya kai na ƙwararru. Kyamarorin Z na farko sun ɗan yi baya wajen bin abu mai motsi, amma daga Z9 ta 2021 da Z8 ta 2023 da waɗanda suka biyo su, wannan magana ta wuce. A 2024 kuma ta sayi kamfanin RED mai kyamarorin fim, alamar cewa bidiyo ma ba wasa take yi da shi ba. Z5 tana cikin hanyoyi mafi sauƙi na shiga babbar sensa, ga ramin kati biyu, ga abin hana girgiza a cikin bodi. Abu biyu za ka lura da su. Lensin da aka yi musamman don ƙananan kyamarorinta irin su Z50 ba su da yawa. Sannan adaftarta ta FTZ tana kama fokas da lensin AF-S da AF-P, amma tsofaffin AF-D waɗanda ke dogara da injin cikin bodi, da hannu za ka riƙa saita su. In wani ya ba ka gadon lensin Nikon, ka duba harufan da ke jikinsu kafin ka yi murna.

Ba ka ambaci Fujifilm ba, amma ya kamata ka san da ita. Ita ba ta yin babbar sensa irin ta sauran, ta tsaya a matsakaiciya da bakin X tun 2012, sai kuma ta tsallake zuwa GFX da sensarta ta fi babbar ma girma. Da yake nan ta tattara ƙarfinta, jerin lensinta na matsakaiciyar sensa ya fi na kowa cika. Tsohon kamfanin fim ɗin ɗaukar hoto ne, launukan irin fim ɗin da take yi kamar Provia da Velvia ta zuba su a cikin kyamara, hoto ya fito da kyansa ba sai ka zauna gaban kwamfuta ba. Ga mai hoton iyali da tafiya wanda ba ya son gyare-gyare, wannan babban abu ne. Wajen bin yaro mai gudu kuwa, manyan ukun nan sun ɗan fi ta tabbas. Panasonic ta yi suna a bidiyo, kuma tun S5 II ta 2023 ta magance matsalar fokas da aka daɗe ana yi mata ƙorafi a kai, tana kuma raba bakin L da Leica da Sigma. OM System, wato tsohuwar Olympus, ta masu tsuntsaye ce da masu hawan dutse, waɗanda ke son kaya marasa nauyi da ba sa tsoron ruwa. Pentax har yanzu tana kan masu madubi. Waɗannan ukun na ƙarshe ba su ne farkon abin da zan nuna maka ba.

Na yi ta ambaton babbar sensa da matsakaiciya, bari in fayyace. Sensa ita ce farantin da haske ke sauka a kai, ita ta maye gurbin fim. Babbar tana da milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, daidai girman fim ɗin da. Matsakaiciya, wadda ake kira APS-C, ba ta kai rabin filin waccan ba. Ta OM da ta wasu kyamarorin Panasonic, ta tsarin Micro Four Thirds, ta fi ƙanƙanta, kusan rubu'in babbar. Babba ta fi tara haske, saboda haka hotonta a duhu ya fi tsabta, kuma ta fi iya narkar da bayan mutum ya fito shi kaɗai. Amma lensinta ya fi girma, ya fi nauyi, ya fi tsada. Lensi mai milimita 50 (lambar da ke nuna yadda yake jawo abu kusa) a kan matsakaiciya yana nuna abin da mai 75 zai nuna a kan babba, ko 80 in Canon ce. Wannan zaɓi na girman sensa ya fi zaɓin kamfani tasiri a kan hotonka da nauyin jakarka. Matsakaiciya ta ishe ka farawa, har aikin kuɗi ana yi da ita.

Maganar megafiksel kuwa kada ta ɗauke maka hankali. Kyamara mai megafiksel 24, wato ɗigo miliyan 24, tana ba da hoto mai ɗigo 6000 a tsawo da 4000 a faɗi. In aka wanke shi da inganci mafi kyau, ɗigo 300 a kowane inci, zai kai inci 20 da 13. Allon 4K da ake ta yabo bai wuce ɗigo miliyan 8.3 ba. Abin da ya haura haka sai ya cika maka kati ya nauyaya wa kwamfuta.

Ga abin da ya fi duk wannan. Wata rana, a farkon fara aikina, na je ɗaukar wani taro a zaure mai ƙarancin haske, da sabuwar kyamara da lensin da aka haɗo ta da shi, irin mai 18 zuwa 55 ɗin nan. Wata yarinya ƙarama ta fito gaba za ta karɓi kyauta, tana tafe tana waiwayen mahaifiyarta tana murmushi. Na zuƙo, na danna, na duba allo: fuskar ta goge, hannunta ya zama kamar hayaƙi. Na sake, haka. Wani dattijon mai hoto da ke gefena ya leƙa allon, bai ce komai ba, ya buɗe jakarsa ya miƙo mini wani ɗan lensi da bai kai kofin shayi ba, mai milimita 50 da f/1.8. Na ɗaura. Yaro na gaba da ya fito, har ƙyallin fitila a cikin idonsa ya fito. Kyamarar ba ta canza ba, zauren bai canza ba. Lensina in an zuƙo shi ƙarshe ƙofarsa f/5.6 ce, nasa kuwa f/1.8, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai haske kusan ninki goma. Babu wani bambanci tsakanin Canon da Nikon da Sony da ya kai ko kusa da ninki goma. Kowane ɗayansu kuma yana da irin wannan ɗan lensin, yana cikin mafi araha a jerinsu.

Ka lura da wani abu a labarin nan. Lensin dattijon ya shiga kyamarata ne don gidanmu ɗaya. Da ta wani kamfani ce a hannuna, da sai dai ya tausaya mini. Wannan ya sa in mutum ya rasa wadda zai zaɓa nake tambayarsa: waɗanda za ka riƙa fita aiki da su, ko wanda zai koya maka, me suke riƙewa? In abokanka uku Canon gare su, ka sayi Canon. Za ka ari lensi, ka ari batir ranar da naka ya mutu ana tsakar aiki, ka sami wanda zai nuna maka inda aka ɓoye wani saiti. Haka nan ka bincika wane kamfani ne ke da masu gyara da kayan gyara kusa da kai. Kyamara inji ce, wata rana za ta faɗi ko ta shaƙi ƙura. Wadda za a gyara maka cikin mako ta fi wadda ta ɗara ta a takarda amma sai an tura ta wata ƙasa.

Za ka ji ana cewa launin Canon ya fi kyau a fata, ko na Sony yana da kore-kore, ko na Nikon ya fi gaskiya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki in kana ɗaukar JPEG, wato hoton da kyamara ta riga ta sarrafa, domin kowane kamfani da yadda yake dafa launinsa a cikin kyamara. In RAW kake ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, kana gyarawa da kanka, bambancin ya kusa ɓacewa. Abin da nake so ka yi shi ne kada ka yarda da hotunan talla. Ka gwada a kan irin fuskokin da za ka riƙa ɗauka. Fata mai duhu a cikin farin kaya, a ƙarƙashin fitilar ɗaki, jarrabawa ce ta gaske ga kowace kyamara: wajen auna haske, wajen launi, da wajen gano ido ta kama fokas a kai. Ka tafi da katinka da wani naka, ka ɗauke shi a inuwa da cikin ɗaki, ka koma gida ka buɗe a babban allo. Gani ya kori ji.

Sai maganar hannu da na ce zan dawo kai. Wani ɗalibina ya yi wata biyu yana karanta bayanan kyamarori, ya zaɓi wadda ta fi kowacce a lissafi, aka kawo masa ita a kwali bai taɓa riƙe irinta ba. Mutum ne mai manyan hannuwa. Da ya kama ta, ƙaramin yatsansa ya rasa wurin zama yana lilo a ƙasa, gaɓoɓin sauran kuma suna gugar jikin lensi. Bayan awa biyu a wurin aiki sai ka ga yana sauya hannu yana yarfe yatsu. Ƙarshenta sai da ya ƙara mata mariƙi. Babu takardar bayanin da za ta gaya maka wannan. Ka riƙe ta minti goma, ka kai ta ido, in kana sa tabarau ka duba ko kana ganin kusurwoyi huɗu na tagar leƙe. Ka gwada sauya saurin shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe in ka danna, da ƙofar haske ba tare da ka sauke ta daga fuskarka ba. Ka nemi inda ake goge kati a cikin saituna ba tare da ka tambayi kowa ba. Wadda ta ba ka haɗin kai a wannan gwajin, ita ce za ka riƙa ɗauka in za ka fita. Wadda ta gajiyar da kai za ta zauna a jaka, ka koma wa wayarka.

Tunda kana da niyyar aikin taro, akwai abubuwan da za ka duba a samfurin kansa, ba a sunan kamfani ba, domin kowane kamfani yana da masu shi da marasa shi. Na farko ramin kati biyu. Kati ya taɓa mutuwa a hannuna bayan an tashi daga taro, na sa shi a kwamfuta ta ce babu komai a ciki. Ba a maimaita taro don mai hoto. Tun daga ranar ba na karɓar kuɗin mutum da kyamarar da ba ta rubuta hoto a kati biyu lokaci guda. A7 III da Z5 da R6 da X-T5 duk suna da biyu, R8 da a6700 ɗaya gare su. Na biyu abin hana girgiza na cikin bodi, wanda R50 da R10 da Z50 da a6400 ba su da shi, alhali R7 da a6700 suna da shi. Yana da amfani sosai ga bidiyon hannu. Na uku, in bidiyo ya dame ka, ka duba akwai ramin makirufo da na abin sauraro, allon yana juyowa gaba, kuma ba ta cikin tsofaffin da ke yanke ɗauka in an kusa minti talatin. Ƙananan bodi kuma suna iya ɗaukar zafi su tsaya in an daɗe ana 4K, ka gwada wannan ma.

To da ni ne kai, me zan yi? In ba ni da kowa kusa da ke riƙe da wani kamfani, kuma kuɗina a ƙirge suke, Sony zan shiga saboda yalwar lensi, ko a6400 ko a6700, ko A7 III ta hannu in ƙarfina ya kai. In na riƙe ta hannuna bai yarda ba, sai in koma Z5 ko wadda ta gaje ta in hoto ne gaba a wurina, ko Canon da adafta da tsofaffin EF in sauƙin sarrafawa da bidiyo ne gaba. In kuwa na san a raina maganar aikin taro buri ne kawai, hoton yara da tafiya ne gaskiyar lamarin, Fujifilm zan ɗauka in huta da gyara. Ko wacce ce, ba zan zuba fiye da rabin kuɗina ko kashi biyu cikin uku a bodi ba. Sauran na lensi mai f/1.8 ne, da batir na biyu, da kati mai kyau guda biyu. In kuɗin ba su kai ko'ina ba, tsohuwar mai madubi ta Canon ko Nikon da lensi mai 50 za ta koya maka hoto tsaf, batirinta ma ya fi na marasa madubi daɗewa, kuma lensin EF ko AF-S da ka tara za su bi ka zuwa sabon bodi ta adafta.

In ta hannu za ka saya, kada ka biya sai ka yi waɗannan. Ka nemi adadin dannawar shota, domin tana da iyakar da aka ƙera ta a kai, kamar tafiyar mota. Ka rufe ƙofar haske zuwa f/16 ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka zuƙo hoton: ɗigon ƙura ana goge shi, amma layi ko karce a sensa ba ya gogewa. Ka cire lensin ka haska fitilar waya ta bayansa kana kallo ta gaba. Ƙura ƙwaya-ƙwaya ba komai ba ce, amma in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashin, fumfuna ce, ka ajiye musu kayansu. Ka murɗa zoben zuƙowa da na fokas daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko akwai inda yake cijewa. Ka danna kowane madanni, ka juya kowane abin murɗawa, ka sa katinka a kowane rami ka ga ya rubuta. Sannan ka tsayar da wani a ɗan nesa, ka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, ka ɗauke shi sau goma yana tahowa wajenka, ka ƙirga guda nawa ne idonsa ya fito tar.